Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin jami'o'in ƙasar Hausa: a gina mana zaurenmu a intanet

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, shugabannin Jami'ar Bayero ta Kano, da Ahmadu Bello ta Zariya, da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Abdou Moumouni ta Yamai, da sauran takwarorinku tun daga Katsina har Damagaram. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ɗaya daga cikin 'ya'yanku ne yake rubuto muku. A ɗaya daga cikin makarantun nan na yi karatu, yanzu kuma ina koya wa matasa kwamfuta a wata 'yar cibiya a Kano. Roƙo ɗaya na zo da shi: kowace jami'a ta buɗe dandalin sada zumunta nata na kanta, a kan na'urarta, da sunanta, irin wanda yake iya magana da sauran dandalin duniya ba tare da neman izinin wani kamfani ba. Abu ne da ake yi yau a wurare da dama, kuma bai fi ƙarfinku ba.

Abin da ya faru a gidanmu ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ƙanwata tana sayar da atamfa da leshi da turaren wuta daga ɗakinta. Shekara huɗu ta yi tana tara masu saye a wani dandali, ba zan kama suna ba. Da wannan sana'a take biyan kuɗin makarantar yaranta biyu. Wata safiya ta tashi ta tarar an rufe shafin, an aiko mata da saƙo da Turanci cewa ta saɓa wata ƙa'ida, ba a ce wacce ba. Ni na zauna na rubuta mata ƙorafi har sau uku, amsa iri ɗaya take dawowa, kuma da gani ka san ba mutum ne ya karanta ba. Da a Kantin Kwari ne mai rumfa ya tashe ta, da ta kwashe kayanta ta koma wani layi, masu sayenta su bi ta, don sun san fuskarta. A nan kuwa rumfar da kayan da masu sayen da littafin bashi duk aka kulle rana ɗaya, kuma babu ofishin da za ta je ta durƙusa ta yi bayani. Na ga yadda ta yi kwanaki ba ta iya cin abinci. Tun daga lokacin nake tambayar kaina: yaya aka yi al'umma guda ta kwashe hirarta da kasuwancinta da karatunta ta ajiye a gidan haya?

Ba mu kaɗai abin ya taɓa ba, kuma ba kullum ne daga kamfani yake zuwa ba. Ranar 5 ga Yunin 2021 gwamnatin Najeriya ta rufe Twitter, kwanaki kaɗan bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari. Ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022, wata bakwai ke nan. Daga baya kotun ECOWAS ta yanke hukunci cewa rufewar ta saɓa doka. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda gwamnati ta nufa a lokacin. Ta koma wani dandali na Indiya mai suna Koo, ta buɗe shafi, mutane suka bi ta. A Yulin 2024 Koo ya rufe ƙofa baki ɗaya saboda rashin kuɗi. An bar gidan haya an shiga wani gidan hayan, shi ma ya rushe.

Ku malamai kun fi kowa sanin wannan ciwo. A farkon shekarun 2000 malamai da marubuta da 'yan fim ɗin Hausa sun yi muhawarori masu zurfi a zaurukan Yahoo, kan adabi, kan rubutun soyayya, kan inda finafinanmu suka dosa. Yahoo ya goge abin da aka ajiye a zaurukan, sannan ya rufe su a Disambar 2020. Wanda bai kwafe nasa ba, shi ke nan. A Nuwambar 2023 OkadaBooks, inda marubuta Hausa da dama, musamman mata, suke sayar da littattafansu, shi ma ya tsaya. Muna alfahari da cewa takardun da malamanmu suka rubuta da tawada shekara ɗari biyu da suka wuce suna nan a Arewa House a Kaduna da ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Rubutun shekara ashirin da suka wuce kuwa, wani ya ɓace har abada. Ɗalibin da zai zo nan da shekara hamsin yana neman yadda Hausawan wannan zamani suka yi magana da tunani, a ina zai duba?

Ga yadda nake bayyana wa ɗalibaina abin da nake roƙo. Mai layin MTN yana kiran mai layin Airtel ko Glo, ba ya ma tunanin abin. Tun 2013 kuma hukumar NCC ta ba da damar mutum ya sauya kamfani ya tafi da lambarsa. Mai asusu a wannan banki yana tura kuɗi zuwa wancan cikin daƙiƙoƙi. Mai adireshin Gmail yana aika wasiƙa ga malamin da ke amfani da adireshin jami'a, ta isa. Duk wannan yana yiwuwa ne domin akwai ƙa'ida ɗaya da kowa ya yarda da ita, wadda ba mallakar kamfani ɗaya ba ce. Dandalin sada zumunta ne kawai aka gina su da katanga: mai shafi a Facebook ba zai iya bin mai shafi a TikTok ba, kuma idan ka fita, ka fita kai kaɗai, mabiyanka suna ciki. Da a ce haka waya take, da ba wanda zai yarda. Mun yarda da shi a nan ne don mun buɗe ido mun tarar da shi haka.

To, an samu masu rushe katangar. A 2016 wani matashi a Jamus, Eugen Rochko, ya fitar da Mastodon, manhaja ce kyauta wadda kowa zai iya ɗauka ya ɗora a kan tasa sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da dandali. A Janairun 2018 ƙungiyar W3C, mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta amince da wata ƙa'ida mai suna ActivityPub, wadda ta sa waɗannan sabobi suke magana da juna. Kowace saba kamar unguwa ce mai mai-unguwarta da dokokinta, amma hanyoyi sun haɗa su. Wanda ya yi rajista a sabar Kano zai bi wanda ke sabar Yamai ko Paris, ya karanta shi, ya ba shi amsa, ba tare da ya buɗe sabon asusu ba. Idan unguwar ta ishe shi, ya koma wata, mabiyansa su bi shi. A kan wannan ƙa'ida aka gina PeerTube na bidiyo, wanda wata ƙungiya a Faransa mai suna Framasoft take kula da shi, da Pixelfed na hotuna. Duk wannan taro shi ake kira Fediverse.

Shekaru abin yana hannun 'yan tsiraru, sai Elon Musk ya sayi Twitter a Oktoban 2022 a kan dala biliyan 44. Cikin makonni masu amfani da Mastodon a wata suka tashi daga kusan dubu 300 zuwa miliyan biyu da rabi. Bluesky, wanda ya faro a matsayin wani shiri a cikin Twitter a 2019, ya gina tasa buɗaɗɗiyar ƙa'idar, ya buɗe wa kowa ƙofa a Fabrairun 2024. Da kotun Burazil ta dakatar da X, wato sabon sunan Twitter, a ƙarshen Agustan 2024, miliyoyin 'yan ƙasar can suka nufa. Har Meta, mai Facebook da WhatsApp, ya fara haɗa dandalinsa na Threads da ActivityPub a 2024. Idan babban mai katanga da kansa ya fara huda ƙofa, ai ya hango wani abu.

Amma abin da ya fi dacewa da ku shi ne abin da hukumomi suka yi. Hukumar Tarayyar Turai tana da sabarta. Gwamnatin Jamus tana da tata, inda ma'aikatu suke fitar da sanarwa. Gwamnatin Holan ta buɗe tata a 2023, haka ma SURF, ƙungiyar da ke kula da sadarwar jami'o'in ƙasar, ta buɗe wa malamai da ɗalibai. Jami'ar Innsbruck a Ostiriya tana da tata. A Janairun 2025 jami'o'i da cibiyoyin bincike fiye da 60 na Jamus da Ostiriya suka sanar tare cewa sun bar X. Ni ban ce ku bar ko'ina ba, ranku ya daɗe. Mutanenmu suna Facebook da WhatsApp da TikTok, dole a same su a can. Abin da nake cewa a yi gida tukuna, sannan a riƙa fita kasuwa daga gida.

Me ya sa ku, ba gwamnati ko 'yan kasuwa ba? Domin intanet ɗin kanta a jami'a aka haife ta. Saƙon farko na ARPANET, hanyar sadarwar da ta zama tushen intanet, a 1969 daga Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjelis ya tashi. Yanar gizo kuma a cibiyar bincike ta CERN Tim Berners-Lee ya ƙirƙire ta, a 1993 cibiyar ta sake ta ga duniya kyauta. Da sun riƙe ta sun ce sai an biya, da ba ma nan. Sannan jami'a tana daɗewa. Ahmadu Bello tana nan tun 1962, ta ga gwamnatoci sun zo sun wuce, ta ga kamfanoni sun tashi sun faɗi. Kuna da adireshin intanet naku, kuna da cibiyoyin kwamfuta da ma'aikata, kuna da dubban ɗalibai da ke neman aikin da za su koyi sana'a a kansa. Kuma sunanku shaida ne. Duk shekara ana damfarar iyaye da ɗalibai da shafukan bogi masu ɗauke da tambarin makaranta, ana sayar musu da gurbin karatu na ƙarya. A sabar da ke ƙarƙashin adireshin jami'a, ba mai iya buɗe asusu da sunan magatakarda sai wanda jami'a ta ba shi. Adireshin kansa ya isa hatimi.

Akwai kuma maganar harshe, wadda ita ce ta fi damuna. Hausa tana da masu magana da ita miliyoyi masu yawa, amma hukuncin abin da ya halatta a faɗa da Hausa a intanet yana hannun na'urori da ma'aikatan da yawancinsu ba su san bambancin zagi da wasan taubasai ba. Bafillace da Babarbare suna tsokanar juna, Bakano da Bazazzagi suna yi, Bakatsine da Bagobiri ma haka. Wanda bai tashi a ciki ba zai ɗauka faɗa ne. A ɗaya gefen kuma, mai son tayar da fitina ya san yadda zai lulluɓe maganarsa da habaici da karin magana, ta wuce ba a gane ba, alhali duk Bahaushen da ya karanta ya san wuta ake hurawa. Ana danne marar laifi, mai laifi yana wucewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A sabar jami'a, masu sa ido za su kasance mutanen da suka san harshen da al'adar, dokokin za su kasance a rubuce da Hausa, wanda aka hukunta kuma ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Manhajojin nan a buɗe suke, kowa yana iya ganin yadda aka rubuta su, ya gyara, ya ƙara. Masu sa kai ne suke fassara su zuwa harsuna. Ga aiki ga sassan nazarin harsunan Najeriya da cibiyoyin nazarin Hausa: su zauna da 'yan kimiyyar kwamfuta su daidaita kalmomi, su tabbatar wanda ya rubuta ɓ da ɗ da ƙ bincike yana gano rubutunsa, wanda ya rubuta da ajami shi ma yana samun wuri. Ɗaliban da ke rubuta kundin kammala digiri a kan manhajar da ba wanda zai taɓa amfani da ita, a ba su wannan su yi. Wanda ya kula da saba mai mutum dubu biyar na shekara guda, ya yi fama da cikewar ma'ajiya da masu kutse da ɗaukewar wuta, ya fita da sana'ar da ake nema a ko'ina a duniya. Matasanmu da ke aikin Wikipedia ta Hausa da masu binciken HausaNLP, waɗanda ke koya wa kwamfuta fahimtar Hausa, sun riga sun nuna cewa akwai masu yi don kishin harshe. Abin da suka rasa shi ne inuwar da za su zauna a ƙarƙashinta.

Ku yi tunanin PeerTube kaɗai. Laccocin ƙaddamar da farfesoshi, tarukan ƙara wa juna sani, hirarrakin da aka ɗauka da tsofaffin mawaƙa da maƙera da masaƙa da malaman zaure, da yawa suna cikin kaset da faifai suna lalacewa, ko suna kan shafin wani ɗalibi da ya gama ya tafi da kalmar sirri. A ɗora su a gidan jami'a, malamin Yamai ya bi tashar Zariya, ɗalibar da ke zango a Kumasi ko Hausawan Sudan su kalla ba tare da talla ta katse musu ba.

Ba zan ɓoye muku wahalar ba, don kun fi ni sanin yadda shiri yake mutuwa bayan bikin buɗewa. Mutanen da ke waɗannan dandali kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da Facebook mai mutum fiye da biliyan uku. Wanda ya shiga da farko zai ji shiru. Babu kuɗin talla da ake raba wa masu bidiyo, don haka matashin da ke ci da TikTok ba zai baro shi ba, kuma ba laifinsa. A Mastodon idan ka yi ƙaura mabiyanka ne suke binka, tsofaffin rubuce-rubucenka suna zama a tsohon gida. Wasu manya sun gwada sun ajiye: gwamnatin Suwizalan ta rufe tata sabar a 2024 bayan gwajin shekara guda, Mozilla, mai manhajar shiga intanet ta Firefox, ita ma ta rufe tata a ƙarshen 2024. Saba tana son wuta dare da rana, tana son mai kula da ita ko lokacin hutu ko yajin aiki, tana son kasafin kuɗi na kowace shekara. Idan ba za a ware wannan ba, gara kada a fara, don a tara mutane sannan a watsar da su ya fi rashin farawa muni.

Kuma ba maganin kowace cuta ba ce. A Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda 'yan bindiga, mutanen Gusau har Funtuwa suke zuwa don su yi kira. A irin wannan hali babu sabar da za ta yi amfani. Haka da aka katse intanet ɗin waya a Nijar kusan kwana goma bayan zaɓen Fabrairun 2021. Amma toshe dandali ɗaya-ɗaya, irin wanda Chadi ta yi na wata 16 daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019, yana da wuya idan dandalin dubbai ne a warwatse.

Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa daga gare ku yake, ku gafarce ni. Idan jami'a ta riƙe saba, za a jarrabe ta. Ɗalibi zai rubuta cewa babu ruwa a ɗakin kwanansu, malami zai soki wata manufa ta gwamnati, wani babba zai bugo waya ya ce a goge. Ranar da aka goge don an bugo waya, ranar dandalin ya mutu, ko da na'urar tana kunne. Shi ya sa nake roƙon kada ikon hukunci ya zauna a ofis ɗaya. A kafa kwamiti mai malamai da ɗalibai, maza da mata, Musulmi da Kirista, a rubuta dokoki a fili, a riƙa sanar da abin da aka goge da dalili, a bar ƙofar ɗaukaka ƙara. A kuma rubuta ƙarara wa ke da ikon ganin bayanan mutane, domin mai kula da saba yana iya ganin abubuwa da yawa, har da saƙonnin da ake aikawa a keɓe, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kanku kamar yadda ta hau kan kowane kamfani. 'Yan mata musamman ba za su shigo ba sai sun tabbata cewa wanda ya ci musu mutunci za a ɗauki mataki a kansa da wuri.

Kada a fara da babban buri. Jami'a ɗaya ta fara da sashe biyu, na Hausa da na kimiyyar kwamfuta, da ofishin yaɗa labarai, na zangon karatu biyu. A ajiye sabar a cikin ƙasa. Akwai cibiyar ajiyar bayanai ta Galaxy Backbone a Kano, akwai IXPN da ke haɗa layukan cikin gida don kada saƙon Kano zuwa Zariya ya bi ta Turai, akwai NgREN da aka kafa don haɗa jami'o'i. A nemi shawarar CITAD, waɗanda suka daɗe suna aikin kai intanet ga al'umma a Arewa. Duk sanarwar da jami'a za ta fitar a fara sa ta a can, sannan a kwafa zuwa sauran wurare, don mutane su saba da cewa nan ne tushe. Idan ta zauna, a buɗe wa tsofaffin ɗalibai, da ƙungiyoyin marubuta, da gidajen rediyo da jaridun Hausa, ko a koya musu su kafa tasu, su ƙulla da taku.

Ƙanwata ta buɗe sabon shafi, ta koma tara masu saye ɗaya bayan ɗaya, yanzu kuma tana rubuta lambar kowa a littafi saboda tsoro. Ta tambaye ni ko akwai inda za ta je da ba za a sake yi mata haka ba. Na ce mata akwai, amma na kusa da mu ba a gina ba tukuna, kuma zan rubuta wa waɗanda za su iya ginawa. Duk jami'ar da ta shirya farawa, ni da ɗalibaina za mu zo mu yi aikin fassara da gwaji ba tare da an biya mu ba.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya yi muku jagora.

Naku,
wani tsohon ɗalibinku, daga Kano.